Rege na Tushe: Shaidar da Talakawan Kingston Suka Bayar

Idan aka ambaci rege a wurinmu, hoto biyu ne ke faɗo wa yawancin mutane a rai. Na farko, saurayi mai dadar gashi da hula mai ja da ruwan ɗorawa da kore, hayaƙin wiwi na tashi a kansa. Na biyu, kiɗa mai sanyi da direba ke sakawa a doguwar tafiya, fasinja na gyaɗa kai ba tare da ya damu da abin da mawaƙin ke faɗa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a kowanne, amma duka biyun sun tauye wa kiɗan haƙƙinsa. Regen da aka yi a Jamaika daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1980, wanda masu abin ke kira roots, shaida ce da talakawan birnin Kingston suka bayar a kan yadda ake mulkinsu, da yadda ake kashe su, da yadda aka raba kakanninsu da gida. Wanda bai san abin da ya faru a birnin nan a wancan zamani ba, rabin waƙar kawai yake ji.

Jamaika tsibiri ne ƙarami da Turawan Ingila suka ƙwace daga hannun Sifaniyawa a 1655, suka mayar da shi gandun rake. Masu noman raken bayi ne da aka kwaso daga Afirka, da yawansu daga gaɓar Ghana ta yau da kudu maso gabashin Najeriya. An soke bauta a 1834, aka sake su baki ɗaya a 1838, amma diyyar da gwamnatin Birtaniya ta biya, iyayen gijin bayin ta biya, bayin ba su ga ko anini ba. Ƙasar noma mai kyau ta ci gaba da zama a hannun masu ita na da. Ko da aka samu mulkin kai ranar 6 ga Agusta, 1962, tuta ce ta sauya, amma dukiya tana nan a hannun 'yan tsiraru, kuma gwargwadon hasken fatar mutum gwargwadon damarsa ta samun aikin ofis. Mutanen ƙauye suka yi ta kwarara yammacin Kingston neman abin sakawa a bakin salati, suka cika unguwanni irin su Trench Town da Back-o-Wall. A Trench Town gidaje da yawa ke tarayya a tsakar gida ɗaya, madafa ɗaya, famfo ɗaya. A Back-o-Wall kuwa ɗakunan langa-langa ne da katako da kwali, har gwamnati ta sa katafila ta baje unguwar a tsakiyar shekarun 1960.

A cikin waɗannan unguwanni aƙidar Rastafari ta yi jijiya. Tushenta na komawa ga Marcus Garvey, ɗan Jamaika da aka haifa a 1887, wanda ya kafa ƙungiyar UNIA a 1914 yana kiran baƙar fata a ko'ina suke da su daina raina kansu, su mallaki kasuwancinsu, su ɗauki Afirka a matsayin gida. Da aka naɗa Ras Tafari Makonnen sarkin Habasha a watan Nuwamba na 1930 da sunan Haile Selassie, wasu masu wa'azi a Jamaika, irin su Leonard Howell, suka ce wannan shi ne mai ceton da ake jira. Ka tuna cewa a lokacin, yaron makaranta a Jamaika sarkin Ingila ake koya masa ya yi wa mubaya'a. Ka ce masa ga baƙin sarki a kan karaga, manyan Turawa sun je naɗinsa, ai ka girgiza masa duniya. Hukumar mulkin mallaka ta gane haɗarin, ta ɗaure Howell bisa zargin tayar da zaune tsaye, kuma a 1954 'yan sanda suka tarwatsa Pinnacle, matsugunin da ya kafa wa mabiyansa a kan tsauni. Da yawa daga waɗanda aka kora suka gangaro Kingston.

'Yan Rasta sun ɗauki labarin Bani Isra'ila da aka kwashe zuwa Babila suka ce labarinsu ne. Saboda haka duk inda ka ji Babila a waƙar rege, ba tsohon birnin da ke Iraƙi ake nufi ba. Ana nufin dukan tsarin da ya danne su: ɗan sanda, kotu, makarantar da ke koyar da tarihin Ingila ta bar na Afirka, mai gidan haya, ɗan siyasa, banki. Sihiyona kuma Habasha ce, ko Afirka gaba ɗayanta. Kuma ba a baki kawai suka san Babilar ba. A watan Afrilu na 1963 rikici ya ɓarke a Coral Gardens kusa da Montego Bay, aka rasa rayuka har da na 'yan sanda, sai gwamnati ta sa aka bi 'yan Rasta gida-gida, mai laifi da marar laifi, ana duka, ana aske musu gashi da ƙarfin tsiya, ana tsarewa. Sai a 2017 gwamnatin Jamaika ta nemi gafara a hukumance. Shekara 3 bayan wannan ta'asa, ranar 21 ga Afrilu, 1966, Haile Selassie ya kawo ziyara. Dubban mutane suka keta shinge suka kewaye jirginsa, bai iya saukowa ba sai da aka kira wani dattijon Rasta, Mortimer Planno, ya lallashi jama'a suka buɗe hanya. Daga ranar, masu mulki suka san mutanen nan sun wuce a share su da tsintsiya.

Yanzu ga kiɗan kansa, domin a nan mutane suka fi yin sakaci. Talakan Kingston ba shi da kuɗin shiga gidan rawa na masu hali, kuma gidajen rediyon ƙasar sun fi son waƙoƙin Amurka. Abin da yake da shi shi ne dandali: a jibge manyan lasifikoki a fili da daddare, mai faifai yana sakawa, jama'a na rawa, mata na sayar da abinci a gefe. Masu irin waɗannan kayan sauti, kamar Coxsone Dodd da Duke Reid, gasar juna suke yi, kuma gasar ce ta tura su buɗe situdiyo don su samu faifan da abokin hamayya ba shi da shi. Kiɗan farko, ska, mai sauri ne, ya dace da murnar mulkin kai. A 1966 ya lafa ya koma rocksteady. Zuwa 1968 rege ya bayyana, kuma kamar yadda fatan da aka yi wa mulkin kai ke dusashewa, haka kiɗan ke ƙara nauyi.

Ka saka ɗaya daga cikin waƙoƙin Wailers, ƙungiyar Bob Marley, na tsakiyar shekarun 1970, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu tare da kiɗan. A yawancin kiɗan Turawa, babbar ganga a kan ɗaya take sauka. A nan kuwa mai ganga, Carlton Barrett, sai ya bar ɗayan fayau, ya jira sai a kan uku ya saki ƙafa da sanda lokaci guda. Jita ba ta rera komai, sara kawai take yi gajere a kan biyu da huɗu. Yadda gangar da jitar ke ba juna wuri kamar luguden mata ne a turmi, wannan taɓarya na sauka waccan na tashi, ba mai shiga hurumin wata. Ita kuwa jitar bas, wadda yayansa Aston Barrett ke kaɗawa, ita ke ɗauke da karin waƙar, tana tafiya, ta tsaya, ta yi shiru, ta ci gaba. A ƙarƙashin duk wannan akwai bugun gangunan nyabinghi na taron ibadar Rasta, bugu biyu a jere sai hutu, waɗanda Count Ossie ya fara shigar da su faifai tun wajen 1960. Amfanin wannan gini shi ne yana barin sarari. Murya tana samun wurin zama, kalma tana fita ɗaya bayan ɗaya, mai sauraro yana da lokacin tauna ta. Kiɗan da aka ƙera don a yi magana a kansa ne.

Kuma maganar tana fita da ɗuminta. Ƙananan faifai ake bugawa masu waƙa ɗaya, abu ya faru a wannan mako, mako mai zuwa ka ji shi a dandali. A bayan faifan akan saka kiɗan zalla ba murya, kuma daga nan wani mai gyaran rediyo a unguwar Waterhouse, King Tubby, ya ƙago salon dub: ya cire wannan kayan kiɗa, ya dawo da wancan, ya sa amsa-kuwwa ta bi murya har ta ɓace. Masu riƙe da makirufo irin su U-Roy da Big Youth suka riƙa zuba zance a kan wannan kiɗa. Waƙar da rediyo ya hana, dandali ya saka ta.

Shekarun 1970 su ne gundarin labarin. A 1972 Michael Manley na jam'iyyar PNP ya ci zaɓe, kuma da rege ya yi kamfe. Ya ɗauki waƙar Delroy Wilson mai cewa sauƙi na nan tafe ya mayar da ita take, yana yawo da wata sanda da aka ce Haile Selassie ne ya ba shi. Ya yi abubuwan da talaka ya gani a ƙasa: karatun sakandare kyauta, mafi ƙarancin albashi, da ƙarin haraji a 1974 a kan kamfanonin waje masu haƙar boksait, ma'adinin da ake yin alminiyam da shi. Amma farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a 1973, masu kuɗi suka kwashe dukiyarsu zuwa Miami da Toronto, abotarsa da Fidel Castro ta ɓata wa Amurka rai, kantuna suka bushe, har a 1977 dole ta sa ya je wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya karɓi sharuɗɗansa.

Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda jam'iyyun biyu suka raba unguwannin talakawa. A inda aka baje Back-o-Wall aka gina Tivoli Gardens, aka zuba magoya bayan Edward Seaga na jam'iyyar JLP, abokiyar hamayyar PNP. PNP ita ma ta gina tata, Arnett Gardens. Gida, aiki, kwangilar share kwata, duk ta hannun jam'iyya suke fitowa, kuma 'yan bangar da ke tsaron unguwa bindiga ce a hannunsu, ba gora ba. Saurayi na iya rasa ransa don ya tsallaka titi ya shiga layin da ba na jam'iyyar unguwarsu ba. A 1976 aka kafa dokar ta-ɓaci. A shekarar nan ce Junior Murvin ya fitar da “Police and Thieves” daga situdiyon Lee Perry, da wata siririyar murya mai daɗi, yana cewa ɗan sanda da ɓarawo duk tsoro ɗaya suke jefa wa jama'a. Kafin nan Bob Marley ya yi waƙa a kan masu ƙoshi da masu yunwa, yana gargaɗin cewa taron mayunwata taron masu fushi ne. Burning Spear a 1975 ya yi ta nanata tambaya ɗaya, ko an tuna zamanin bauta, a ƙasar da masu ilimin boko suka fi so a manta. Wannan ne ya sa nake cewa shaida: ba daga nesa suke hango abin ba, a layin suke kwana.

Ranar 3 ga Disamba, 1976, 'yan bindiga suka kutsa gidan Marley da ke Hope Road, suka harbe shi da matarsa Rita da manajansa. Allah ya yi da sauran kwanansu. Bayan kwana 2 ya hau dandamali da rauninsa ya yi wasan da aka shirya, sannan ya bar ƙasar fiye da shekara guda. Abin da ya dawo da shi sulhu ne da manyan 'yan bangar ɓangarorin biyu, Claudie Massop na JLP da Bucky Marshall na PNP, suka ƙulla. Aka shirya babban wasan zaman lafiya ranar 22 ga Afrilu, 1978, a filin wasa na ƙasa. A tsakiyar waƙa Marley ya kira Manley da Seaga su hau dandamali, ya kama hannayensu ya haɗa a saman kansa. Wannan hoton duniya ta adana.

Amma kafin Marley ya hau, Peter Tosh, tsohon abokin waƙarsa, ya riga ya yi nasa. Ya dakatar da kiɗa, ya fuskanci kujerun gaba inda shugabannin biyu ke zaune, ya daɗe yana zazzaga musu magana a kan zaluncin 'yan sanda, da yunwa, da yadda ake ɗaure talaka a kan wiwi. Matsayinsa, wanda ya gina kundinsa na 1977, “Equal Rights”, a kansa, shi ne kowa na kukan zaman lafiya amma ba mai kukan adalci, kuma shi adalcin yake nema. Bayan 'yan watanni 'yan sanda suka kama shi suka yi masa dukan kawo wuƙa. Ina ganin girman abin da Marley ya yi a daren nan, mutumin da aka harba ya dawo yana haɗa hannayen masu gaba. Sai dai maganar Tosh ce ta tabbata. 'Yan sanda suka harbe Massop a 1979, aka kashe Marshall a New York a 1980, kuma a shekarar zaɓen 1980 an kashe mutane kimanin 800. An haɗa hannu a sama, amma ba a taɓa abin da ke sa yaro ɗaukar bindiga don ɗan siyasa ba.

Mawaƙan nan ba su tsaya a Kingston ba. Waƙar Marley mai suna “War” ta 1976 kusan gaba ɗayanta jawabin da Haile Selassie ya yi ne a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1963, inda ya ce ba za a ga zaman lafiya ba muddin ana fifita wani jinsi a kan wani, ya kuma ambaci Angola da Mozambik da Afirka ta Kudu. Bangon kundin “Survival” na 1979 tutocin ƙasashen Afirka ne jere, da zanen yadda ake shirya bayi a cikin jirgin ruwa. A watan Afrilu na 1980 Marley ya ɗauki nauyin tafiyarsa da kayan sautinsa ya je bikin samun 'yancin Zimbabuwe a filin Rufaro. To me ya sa yau aka fi saninsa da waƙoƙin soyayya da na kwantar da hankali? Babban dalili shi ne kundin “Legend” da kamfani ya harhaɗa a 1984 bayan rasuwarsa, wanda ya fi kowane kundin rege ciniki a duniya. An zaɓi waƙoƙin ne da nufin jawo Turawa masu saye, aka fifita masu laushi, aka rage masu zafi. Marleyn da yawancinmu muka sani, wanda aka tace ne.

Son kiɗan nan ba zai sa in rufe ido a kan abin da ban yarda da shi ba. Cewa Haile Selassie abin bauta ne, Musulmi ba zai karɓa ba, mafi yawan Kiristoci ma haka, kuma shi kansa sarkin mabiyin cocin Orthodox na Habasha ne har ya mutu, bai taɓa da'awar allantaka ba. Sannan Habashar da ake waƙa ba ita ce Habashar da manoman Wollo suka sani ba, inda yunwa ta kashe dubban mutane a 1973 fada tana ɓoye labarin, abin da ya taimaka wajen kifar da sarkin a 1974. Afirkar waƙoƙin nan Afirkar mai kewa ce, wanda aka raba da gida shekara ɗaruruwa. Batun wiwi kuma, gaskiya ne dokarta ta zama sandar dukan talaka a Jamaika, amma duk wanda ya ga abin da shaye-shaye ke yi wa matasa a unguwanninmu ba zai ɗauki ɗaukaka ta da wasa ba. Akwai kuma rashin adalci a cikin gidan kansa. Mata irin su Marcia Griffiths da Judy Mowatt, masu muryar da ta isa jagoranci, an fi saninsu da amshi, kuma mawaƙa da yawa an biya su 'yan kuɗi kaɗan sau ɗaya a ƙofar situdiyo, mai situdiyon ya ci ribar faifan shekara da shekaru. Duk da haka, ƙin aƙidar mutum ba ya soke shaidarsa a kan wanda ya doke shi.

Afirka ta gane hakan, shi ya sa ta karɓi kiɗan ta mayar da shi nata. A Kwaddibuwa Alpha Blondy ya yi suna a farkon shekarun 1980 da waƙa cikin harshen Jula a kan dukan da 'yan sanda ke yi a samamen dare. A Afirka ta Kudu gwamnatin wariyar launin fata ta haramta faifan rege na farko na Lucky Dube. A Najeriya kuwa, ba banza ba ne regen gida ya bunƙasa bayan 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, naira ta faɗi, albashi ya daina kai wa ƙarshen wata. Mandators da Ras Kimono da Majek Fashek a wannan tsakanin suka fito, suna waƙar matsi da tsada. Irin maganin da aka ɗura wa Jamaika a 1977 aka ɗura mana, sai kukan ya zo iri ɗaya. Kaset ɗinsu da na Lucky Dube sun shiga shagunan Kano da Kaduna da Jos, kuma kunnen Bahaushe bai baƙunci waƙar da ke faɗa wa mai mulki gaskiya ba, tun zamanin mawaƙan NEPU.

A Jamaika zamanin ya rufe da sauri. Seaga ya ci zaɓen 1980. Marley ya rasu da ciwon daji ranar 11 ga Mayu, 1981, yana da shekara 36. 'Yan bindiga suka kashe Tosh a gidansa a 1987, suka kashe King Tubby a 1989. 'Yan bangar da siyasa ta raina suka koma fataucin hodar iblis, suka fi ƙarfin iyayen gidansu. A 1985 aka fitar da kiɗan “Sleng Teng” daga wata ƙaramar na'urar Casio, masu situdiyo suka ga ba sai sun biya makaɗa ba, dancehall ya karɓe dandali da nasa zancen na kuɗi da mata da bindiga. Regen tushe bai mutu ba, matasa irin su Chronixx da Protoje sun farfaɗo da shi, kuma UNESCO ta sa rege cikin jerin al'adun da duniya ta gada a 2018.

Mai son ya ji abin da kunnensa, ya fara da “Marcus Garvey” na Burning Spear, da “Two Sevens Clash” na Culture, da kundin Tosh na 1977, da “Survival”. Ya nemi lasifikar da ke fitar da bas, domin ƙaramar lasifikar waya tana haɗiye rabin kiɗan. Turancin Jamaika yana da wuyar kamawa da farko, don haka ya nemi rubutattun baitocin ya riƙa bi, ya kuma duba shekarar da kowace waƙa ta fito ya gwada ta da abin da ke faruwa a Kingston a shekarar.